Gida a Kan Tayoyi: Ƙananan Ƙarafan da Ke Riƙe da Motar Tafi-da-Gidanka

 

Maganar yau ta shafi wata mota da ba kasafai ake cin karo da ita a hanyoyin ƙasar Hausa ba, amma a Amurka da Turai ta zama ruwan dare. Ita ce motar tafi-da-gidanka, mai gado da kicin da banɗaki da firiji da tankin ruwa a cikinta, wadda mai ita ke tuƙawa da rana ya kwana a ciki da dare. Masu tallarta falo suke nunawa, da kujerun fata da talabijin. Laccar nan ƙarƙashin motar za ta leƙa, inda 'yan ƙarafa kaɗan, wasunsu ba su fi yatsa kauri ba, suke riƙe da tan goma a kan titi.

A birnin Detroit na jihar Michigan akwai masana'antar Detroit Chassis, inda ake haɗa wa kamfanin Ford wani casis mai suna F-53. Wanda ya gan shi ranar da ya fito zai yi shakkar kiransa mota. Dogayen ƙarafa biyu ne a kwance, inji a gaba, tayoyi shida, tankin mai, sai sitiyari tsaye a sarari shi kaɗai, babu gilashi, babu ƙofa, babu rufi. Haka ake kai shi ga wasu kamfanoni, yawancinsu a yankin Elkhart na jihar Indiana, inda ake ƙera mafi yawan motocin shaƙatawa na Amurka, wasu kuma irin su Winnebago na garin Forest City a jihar Iowa, wanda ya fitar da motarsa ta farko irin wannan a 1966. A can ne ake shimfiɗa daɓe a kan ƙarafan, a tayar da bango, a yi rufi, a shigar da kabad da janareta, a ɗora na'urorin sanyaya ɗaki a sama, a kuma saka ɗakunan da ke zamewa waje idan an yada zango don falo ya ƙara faɗi.

Tsofaffin direbobi sun san irin wannan tsari, domin haka ake yi da manyan motoci masu bodin katako: casis daga kamfani, bodi daga hannun kafinta. Sai dai ita babbar mota tana sauke kayanta ta dawo wayam, sifirinta ya ɗan huta. Motar tafi-da-gidanka kuwa daga ranar da aka ƙera ta har ranar da za a kai ta bola, gidan yana bisa kanta. Ford na fitar da F-53 mataki-mataki, daga wanda iyakar nauyinsa fam 16,000 ne zuwa mai fam 26,000, wato daga kimanin tan 7 zuwa kusan tan 12. Kafin mai mota ya saka ko cokali ɗaya, bodin ya riga ya cinye mafi yawan wannan alawus. Fasalin ƙafafunta kuma na motar rarraba kaya ne, sifirin mai ganye gaba da baya, da aksul guda na ƙarfe a gaba wanda ya haɗa tayoyin biyu.

Siffar motar kanta ba ta taimaka mata. Babba daga cikinsu takan kai mita 11 a tsawo, kusan mita 4 a tsayi, faɗinta kuwa mita 2.6 ne kacal. Duk abin da ya yi tsayi bai yi faɗi ba yana da saurin karkata, kuma injiniyoyi suna da lissafi mai sauƙi a kan haka: a ɗauki tazarar da ke tsakanin tayar dama da ta hagu, a raba ta da ninki biyu na tsayin tsakiyar nauyin motar daga ƙasa. Ƙananan motoci sukan ba da 1.3 zuwa 1.5. Kowane kilo da aka ɗora a rufi yana jan wannan adadi ƙasa. Sai kuma gefenta, wanda bango ne miƙaƙƙe da ya doshi murabba'in mita 40, ninkin na ƙaramar mota sau shida ko fiye. Ƙarfin iska a jikin bango kuwa idan gudunta ya ninka biyu, shi ninka huɗu yake yi.

Abin da ya fi waɗannan damun direbobi shi ne jelar motar. Don ta iya juyawa a kwana, ba a nisanta tayoyin baya da na gaba sosai, sai a bar mita 3 zuwa 4 na bodi suna reto a bayan aksul ɗin baya. A nan ne ɗakin kwana yake, sau da yawa har da tankin ruwa, da ƙugiyar da ake jan ƙaramar mota da ita. Idan tazarar aksul biyun mita 6 ce, jelar kuma mita 3, kilo 100 da aka rataya a can ƙarshe yakan zama kilo 150 a kan tayoyin baya, ya kuma ɗauke kilo 50 daga kan na gaba. Tayoyin da sitiyari ke juyawa su ne suka yi sauƙi. Ruwa kuma kowace lita kilo ɗaya ce. Tanki mai lita 300 daidai yake da manyan mutane huɗu, idan kuma rabi ne a ciki, ruwan yakan riƙa kai-komo yana dukan bangon tankin a kowace kwana.

A hango direba a kan babbar hanya, yana layin dama, yana gudun kilomita 100 a awa. Da yawa daga masu manyan motocin nan dattawa ne da suka yi ritaya, kuma a yawancin jihohin Amurka lasin ƙaramar mota ya ishe su tuƙa wadda ba ta wuce fam 26,000 ba. Tirela ta taso daga baya ta hagu. Tun kafin ya gan ta a gefensa, iskar da kanta ke turowa ta daki jelar motarsa ta tura ta dama, hancin motar ya juya hagu, wajen tirelar. Ya gyara sitiyari. Kan tirelar ya zo daidai da tagarsa, iskar ta koma tana tura gaban motar dama. Ya sake gyarawa. Tana wucewa kuma sai iskar bayanta ta zuƙo shi hagu. Gyara uku cikin 'yan daƙiƙu, kabad na ƙara, tukwane na kaɗawa a kicin, yatsunsa sun ƙage a kan sitiyari. Wannan a mota mai lafiya ke nan, wadda babu abin da ya kwance a ƙarƙashinta.

Abin da ke hana wannan rawa ta zama haɗari ƙarafa ne da suka raba aiki. Sifirin ne ke ɗaukar nauyi, shokozoba kuma ta kashe tsalle don kada motar ta yi ta lilo bayan ta faɗa rami. Wadda ta fi cancantar a tsaya a kanta ita ce sandar hana tangaɗi. Sanda ce ta ƙarfe mai kauri, an lanƙwasa bakinta biyu, tsakiyarta na zaune cikin robobi biyu da aka danne da maɗauri, kowane baki kuma an haɗa shi da casis ta wani ɗan gajeren ƙarfe mai noti sama da ƙasa. Idan tayoyin biyu suka hau tudu tare, sandar juyawa kawai take yi, ba ruwanta. Idan kuwa bodi ya karkata gefe guda, sai baki ɗaya ya yi sama ɗaya ya yi ƙasa, sandar ta murɗe, ta yi gardama, ta mayar da bodin daidai. Duk wannan ƙarfi ta cikin notuna kaɗan yake bi. Guda ɗaya ya fita, sandar ta zama ƙarfen banza da motar ke ɗauke da shi.

Hatsarin abin shi ne motar ba ta nuna komai. Za ta tashi, ta ci giya, birki ya kama, babu fitilar gargaɗi da za ta kunnu a gaban direba. Sai dai ya ji tana ƙara kwanciya a kwana, ya ce iska ce, ko hanya ce ba kyau, ko dai haka irin motocin suke. Masu F-53 da dama sun ba da labarin shiga ƙarƙashin motarsu suka tarar notunan maɗaurin sandar baya sun sassauta, wasu ma sun faɗi a hanya tun tuni. Wacce sanda ce ta saki, wannan ma yana da muhimmanci. Idan ta baya ce, motar za ta ƙara kwanciya ta riƙa ƙin shiga kwana. Idan ta gaba ce, bayan motar ne zai fi saurin zamewa, kuma wannan shi ne halin da ya fi wahalar kamawa ga direban da ba ƙwararre ba.

Yubol ma haka yake, wato lanƙwasassun ƙarafan nan da ke ɗaure sifirin a jikin aksul. Da zarar sun yi sako-sako, ganyayen sifirin sukan fara motsi a kan juna, duk ƙarfin birki da na tashi ya koma kan ɗan notin tsakiya wanda ba a yi shi don wannan aiki ba. Ran da ya katse, aksul ya ja baya ta gefe ɗaya, motar ta riƙa tafiya a karkace, sitiyari a murɗe alhali hanya miƙaƙƙiya ce.

Me ke sa noti ya kwance bayan an ɗaure shi? Mutane da yawa suna zaton jikin bol ɗin ne ke tokare nauyi. Ba haka abin yake ba. Idan aka ɗaure shi daidai, bol yakan miƙe da ɗan abin da ido ba ya gani, wannan miƙewa ce ke matse ƙarafan biyu, matsin kuma ya hana su zamewa a kan juna. Injiniyan Jamus Gerhard Junker ya nuna a 1969 cewa girgizar da ke zuwa ta gefe, wadda ke sa ƙarafan su ɗan zame, ita ce ke warware noti cikin hanzari, fiye da wadda ke bin tsawon bol ɗin. Na'urar gwajin da ya ƙirƙira har yau da sunansa ake kiranta. Ƙafafun mota kuwa girgizar gefe ce abincinsu dare da rana. Saboda haka duk abin da ya rage matsin farko ya buɗe ƙofa: ma'aikaci bai kai ɗaurin ma'auni ba, ko fenti mai kauri ya shiga tsakanin ƙarafan ya lotse daga baya, ko an manta da maganin da ake shafa wa zaren bol don ya riƙe. Wuce ma'auni shi ma ɓarna ne. Bol ɗin da aka ja da dogon bututu a bakin sufana har ya miƙe ya ƙi komawa, ya riga ya rasa ƙarfinsa ko da ya yi kama da sabo.

Ba duk bol ne ɗaya ba. A kan kowane akwai shaida: 8.8 ko 10.9 a ma'aunin mita, layi uku ko layi shida a ma'aunin Amurka. Wanda ya cire mai 10.9 ya mayar da wanda ya tsinta a kwandon gareji don zarensu ya zo ɗaya, ya saka ƙarfe mai rauni a wurin da aka yi lissafi da mai ƙarfi.

Bayan sassautawa sai gajiya. Ƙarfe yana gajiya, kuma jiragen ƙasa ne suka koya wa duniya wannan darasi. A 1842 aksul ɗin wani jirgi ya karye a hanyar Versailles zuwa Paris, mutane da dama suka halaka. Bayan shekaru, August Wöhler, injiniyan jiragen ƙasa a Jamus, ya yi ta gwaji har ya tabbatar cewa nauyin da bai isa ya karya ƙarfe a karo ɗaya ba yana iya karya shi idan aka maimaita sau dubbai. Duk wanda ya ɗauki karyayyen bol ya juya bakinsa ga haske zai karanta tarihinsa. Mafi yawan fuskar sumul take, ta yi duhu, da siraran layuka masu lanƙwasa ɗaya bayan ɗaya, alamar tsaga da ta yi watanni tana ci a hankali. Sai ɗan gefe guda mai kaushi, fari tas, wanda shi kaɗai ya rage yana riƙe da motar har daƙiƙar ƙarshe. Tun kafin a kai nan akwai alamu ga mai fitila da haƙuri: jan gari kamar na tsatsa a kewayen kan noti, zobe mai ƙyalli inda washa ta riƙa gogawa, rami da ya tashi daga zagaye ya yi tsawo, roba da ta tsattsage ko ta fita daga gurbinta, da wani ƙwas-ƙwas da ake ji idan an hau tudun rage gudu.

Wani abin da ya keɓanta da waɗannan motoci shi ne zama. Yawancinsu watanni suke yi a ajiye lokacin sanyi, sannan a tashe su a yi tafiyar dubban kilomita cikin zafi. Roba na bushewa a zaune, tsatsa na ci, giris na daskarewa. Kamfanin Workhorse, wanda ya gaji layin casis ɗin General Motors a ƙarshen shekarun 1990, ya ɗanɗana wannan. A 2009 ya yi wa casis kimanin 47,000 kiranye, wato ya nemi a dawo da su a gyara, saboda birki: fistin da ke cikin maƙallan birkin Bosch yakan sha danshi idan mota ta daɗe a ajiye, ya kumbura ya maƙale, birki ya riƙa kamawa da kansa har ya yi zafi. Kayan da suka yi lafiya a motar da ke aiki kullum, sun gaza a wadda ke barci rabin shekara.

Dokar kiranye a Amurka ma daga rigimar ƙafafun mota ta samo ƙarfinta. A 1965 lauya Ralph Nader ya fitar da littafinsa Unsafe at Any Speed, babinsa na farko a kan Chevrolet Corvair, ƙaramar mota mai inji a baya, wadda samfurinta na 1960 zuwa 1963 ya fito da wani fasalin ƙafar baya mai saurin lanƙwashewa a kwana, kuma ba a sa sandar hana tangaɗi a gaba cikin kayanta na asali ba. General Motors ya saka sandar a 1964, ya sake fasalin ƙafar bayan baki ɗaya a 1965. Wani bincike da gwamnati ta fitar a 1972 ya ce Corvair ba ta fi takwarorinta na lokacin muni ba, amma kafin nan aikin gama ya gama. Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar kiyaye lafiyar motoci a 1966, aka kuma kafa hukumar NHTSA a 1970. Yau kamfanin da ya gano aibi mai haɗari a motarsa dole ya sanar da hukumar cikin kwanakin aiki biyar, ya rubuta wa masu motocin, ya gyara kyauta.

Doka ce mai kyau, amma motar tafi-da-gidanka tana da uba biyu, wani lokaci uku. Mai casis daban, mai bodi daban, mai taya daban. Idan abu ya lalace, kowa ya rataya wa ɗan'uwansa jakar tsaba. Mai casis ya ce an yi wa ƙarfensa lodin da ya wuce ƙima ko an raba nauyin ba daidai ba, mai bodi ya ce shi ɗaki kawai ya gina, su biyun kuma su juya su ce mai mota ne ya cika kaya.

Babu labarin da ya fito da wannan fili kamar na tayar Goodyear G159, mai lamba 275/70R22.5, wadda aka ƙera daga 1996 zuwa 2003. An yi ta ne don motocin rarraba kaya a cikin gari, masu tafiya suna tsayawa, sai ga ta a ƙarƙashin manyan motocin tafi-da-gidanka da ke yin awanni suna gudu a babbar hanya. A 2003 tayar gaba ta wani iyali ta fashe, motarsu ta bar hanya ta kife. Suka kai ƙara kotun tarayya a Arizona, aka yi shekaru ana ja-in-ja a kan takardun gwaji, har aka sasanta ana gobe za a fara shari'a. Bayan watanni lauyansu ya karanta a jarida cewa a wata shari'ar daban kamfanin ya fito da sakamakon gwajin da ya nuna tayar tana ɗaukar zafi fiye da ƙima a gudun mil 55 zuwa 65 a awa. Alƙali ta ci kamfanin da lauyoyinsa tarar dala miliyan 2.7 saboda ɓoye hujja. Maganar ta kai Kotun Ƙoli, wadda a 2017 ta ce a sake lissafin tarar, ta tsaya a kan asarar da ɓoyewar ta jawo kawai. A ƙarshen 2017 ɗin NHTSA ta buɗe bincike. Kiranyen tayoyi kimanin 173,000 bai zo ba sai a watan Yunin 2022, shekara 19 bayan an daina ƙera tayar, kuma hukumar ta danganta ta da mutuwar mutum 8 da jikkatar 69 tsakanin 1998 da 2009. Goodyear bai amince akwai aibi a tayar ba, ya ce lodi da ƙarancin iska ne, kuma masu ƙera bodi ne ke da alhakin zaɓar tayar da ta dace. Ga iyalan da suka binne 'yan'uwansu, wannan kiranye ihu ne bayan hari.

Gaskiya ne masu motocin suna da nasu kason laifi. Gidauniyar RVSEF, wadda ke auna irin waɗannan motoci taya-taya a wuraren taruwarsu, ta sha bayyana cewa fiye da rabin waɗanda ta auna sun wuce aƙalla ɗaya daga iyakokin nauyinsu. Tun 2008 doka ta tilasta a manna takarda a jikin kowace sabuwar mota mai nuna nauyin mutane da kayan da za ta iya ɗauka, har da nauyin ruwa idan an cika tanki. Amma kamfanin da ya gina kabad goma da rumbun kaya a ƙarƙashin daɓe, ya bar wa iyali alawus ɗin da bai kai abin da rumbun zai ci ba, shi ya fara shirya lodin.

Kuma an taɓa yin abin da ya fi haka. Daga 1973 zuwa 1978 General Motors ya ƙera motar GMC guda 12,921 a garin Pontiac, casis da bodi duk a hannu ɗaya. Ya ɗauko inji da giyar Oldsmobile Toronado masu jan tayoyin gaba, don haka babu doguwar sandar da za ta bi ƙarƙashin daɓe zuwa baya, daɓen ya sauko kusa da ƙasa. A baya ya jera tayoyi biyu-biyu, ɗaya a bayan ɗaya, a kan jakunkunan iska. Mota ce gajera a tsayi, mai zama daram a hanya, kuma dubbai daga cikinsu suna aiki har yau. Manyan motocin dizal na zamani masu inji a baya, a kan casis ɗin Freightliner ko Spartan, su ma a kan iska suke tafiya, sai dai kuɗinsu ya fi ƙarfin yawancin masu saye.

A Turai matsalar ta ɗauki wata kama. Motocin can ƙanana ne, mafi yawa a kan Fiat Ducato da ake ƙerawa a Atessa ta Italiya tun 1981, kuma lasin ƙaramar mota ya tsaya a kilo 3,500. Kamfanoni kan matse komai don su zauna a ƙarƙashin wannan layi, sai abin da ya rage wa iyali ya zama kaɗan, kekuna da ruwa da tulun gas su cinye shi. Wasu suna sauya bayan casis ɗin da na kamfanin AL-KO na Jamus mai zama kusa da ƙasa, wanda aksul ɗinsa ke buƙatar giris a kai a kai, kuma sai an ɗaga motar tayoyin baya sun bar ƙasa kafin giris ɗin ya shiga inda ake so. Mercedes kuwa ya saka wa Sprinter a 2013 wata na'ura da ke gane bugun iskar gefe daga gudun kilomita 80 zuwa sama, ta taɓa birkin tayoyin ɓangaren da iskar ta fito don motar ta tsaya a layinta. A Amurka an wajabta na'urar daidaita tafiya a kan duk sabuwar motar da ba ta wuce kilo 4,536 ba tun watan Satumban 2011, a 2015 kuma aka yi wa kawunan tirela da manyan bas irin wannan doka. Manyan motocin tafi-da-gidanka sun faɗa tsakani. Ko da an saka ta ma, na'urar tana aiki ne bisa zaton ƙarafan ƙasa suna nan a ɗaure.

Wannan giɓi ya haifar da kasuwa mai zaman kanta. Mutum ya sayi sabuwar mota da kuɗin da ya isa gina gida, ya tuƙa ta mako guda, sai ya shiga neman shokozobar Koni ko Bilstein, sandar hana tangaɗi mai kauri ta Hellwig ko Roadmaster, na'urar riƙe sitiyari ta Safe-T-Plus, da sandar da ke hana aksul ɗin baya zamewa gefe, wadda ta samo sunanta daga tsohon kamfanin Panhard na Faransa. Masu F-53 ma sun gano wata dabara da ba ta cin ko kwabo: a bakin sandar hana tangaɗi ta wasu samfuran akwai rami biyu, idan aka mayar da notin daga na waje zuwa na ciki, hannun sandar ya gajarta, ta ƙara tauri. Da yawa sun ce sun ji bambanci nan take. Dabarar masu mota ce, ba umarnin kamfani ba, kuma ƙarin taurin yana komawa ne kan maɗauran nan da notunansu, waɗanda dama su ne ke sassautawa.

Kayan nan suna aiki, amma suna iya rufe cuta. Na'urar riƙe sitiyari takan ɓoye lasasshen haɗin sitiyari, sabuwar shokozoba ta danne ƙarar yubol da ya saki. Kanikawan da suka san aikin da sikeli suke farawa. Sukan auna nauyin da ke kan kowace kusurwa da motar a lode kamar ranar tafiya, su sa iskar taya bisa jadawalin kamfanin tayar, su duba lambobi huɗun da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta, su bi kowane noti da sufana mai geji, su daidaita tayoyin gaba, sannan a yi maganar sayen ƙari. Kuma bai kamata a ce mai saye ne zai kammala aikin da injiniyan kamfani ya bari ba. Motar da sai an kashe mata dubban daloli kafin ta tsaya a layinta idan tirela ta wuce, ba a gama ƙera ta ba aka sayar.

Ko da yake motar tafi-da-gidanka baƙuwa ce a nan, 'yan'uwanta suna cikin garuruwanmu. Ducato da Sprinter da ake shigowa da su na hannu, su ne ake mayarwa motar ɗaukar marasa lafiya, asibitin tafi-da-gidanka, ko bas mai ƙarin kujeru da kariya a sama. Wasiƙar kiranye ba ta tsallako teku ta sami mai mota a Kano ko Maraɗi. Amma duk motar da aka fara sayarwa a Amurka, ana iya shigar da lambar casis ɗinta mai haruffa da lambobi 17 a shafin NHTSA na intanet, a ga ko akwai kiranyen da ba a gyara ba, kuma ba a biyan komai.

Saboda haka, iyayenmu kanikawa, roƙon da ake yi muku shi ne kowane gareji ya mallaki sufana mai geji ko da ta haɗin gwiwa ce. Idan an kwance sifirin a saka sabon yubol, a kuma ce wa mai mota ya dawo bayan tafiyar farko a sake bin ɗaurin. A duba shaidar da ke kan bol kafin a mayar da wani a gurbinsa, a ja layin fenti daga kan noti zuwa jikin ƙarfe don duk wanda ya leƙa ya ga ko ya motsa. Direbobi kuma, duk ranar da mota ta fara kwanciya a kwanar da ta saba bi a tsaye, a tsaya a shiga ƙarƙashinta da fitila kafin a ɗauki fasinja.

Allah Ya kiyaye hanya.